Ostiraliya na yaƙi da dabbar da ke cinye murjani, allura bayan allura

Sharhinmu na yau zai kai mu nesa, can gabashin Ostiraliya, cikin ruwan teku. Wani zai ce mi ya haɗa mutumin Maraɗi ko Tawa da teku? Ku ɗan yi haƙuri. Duk wanda ya ga farin dango na 2004 zai gane zancen nan tun ba mu yi nisa ba.

Murjani dai kun san shi a wuyan mata. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, a cikin ruwa halitta ce mai rai. Wasu ƴan mitsi-mitsin dabbobi ne ke zama wuri guda, kowace tana gina wa kanta ɗan ɗaki na farar ƙasa, ƴaƴa su gina bisa na iyaye, har a wayi gari ya zama dutse. Alhazan da suka shiga tsohon garin Jidda sun ga gidajen da aka gina da irin wanga dutse, haka ma a Sawakin ta Sudan. Mafi girmansa a duniya yana gefen jihar Queensland ta Ostiraliya, shi ne Turawa ke kira Great Barrier Reef. Tsawonsa kilomita 2,300, ya fi tafiyar Yamai zuwa Damagaram zuwa da dawowa. A nan kifi ke haihuwa, shi ke karya ƙarfin igiyar ruwa kafin ta isa gaɓa, kuma wani lissafi na 2017 ya nuna ayyukan yi 64,000 sun dogara da shi, mafi yawa na yawon buɗe ido.

To, ga mai ɓarnar. Ana ce mata tauraruwar teku mai ƙaya. Faɗinta kamar faifai, wata har ta kai babban tire, hannuwanta na iya kai 21, duk jikinta ƙaya mai dafi. Yadda take ci ma abin mamaki ne: hawa take bisa murjani, ta fiddo tumbinta ta baki ta shimfiɗa, ta narkar da naman, ta tashi ta bar farin ƙashi. Babba guda na iya cinye kusan murabba'in mita 10 a shekara. Ba baƙuwa ba ce, ƴar gida ce, kuma in tana ɗaya-ɗaya babu laifi, murjanin na mayar da abin da ta ci. Matsalar ita ce mace guda na zuba ƙwai miliyoyi goma-goma a lokacin zafi. A shekarun da aka saba kusan duka mutuwa suke. Ranar da ƙalilan suka ƙaru cikin masu tsira, sai annoba.

Sau huɗu aka rubuta haka: 1962 kusa da garin Cairns, sannan 1979, 1993 da 2010. Kusan kowane karo daga arewa take tasowa, tsakanin Cairns da tsibirin Lizard, ruwa ya kwashi ƴaƴan ya yi kudu da su, ana shekara goma ko fiye tana tafiya tana ci. A 2012 cibiyar binciken teku ta Ostiraliya ta fitar da sakamakon awo na shekara 27: rabin murjanin da ke raye ya tafi tsakanin 1985 da 2012. Guguwa ta ɗauki kashi 48 cikin 100 na asarar, tauraruwar nan kashi 42, zafin ruwa kashi 10. Guguwa ba a tare ta. Shi ya sa hankali ya koma kan abin da hannu ke iya kamawa.

Kuma hannun ne ake sawa, a zahiri. Babu jirgin sama da zai yi feshi kamar yadda ake wa fara, don maganin zai kashe kifi da murjanin baki ɗaya. Masu nutso ne ke shiga ruwa da tulun iska a baya, su bi dutse-dutse suna leƙe, wadda suka gani su soka mata allura. A da sai an soki kowace sau da yawa kafin ta mutu, aikin na cin lokaci. Daga baya masu bincike suka gano cewa ruwan maɗaciyar sa na kashe ta da suka guda. Suka kuma gano cewa binegar, wannan dai da ake zubawa a salak, shi ma yana yi, cikin kwana biyu ta mutu, kifin da ya ci gawar kuma ba abin da ke samunsa. Tun da aka buɗe shirin a 2012 an kashe fiye da miliyan guda ta haka.

Miliyan guda adadi ne mai daɗin faɗi a rediyo, amma kada ya ruɗe mu. A tsibiran Okinawa na Japan an tsamo kusan miliyan 13 tsakanin 1970 da 1983, ana biyan masunta gwargwadon abin da suka kawo, murjanin kuma bai tsira ba. Dalili a fili yake. Mai neman kuɗin kai zai nufi inda suka yi yawa kuma suke da sauƙin ɗauka, wato inda ɓarna ta riga ta auku. Ya kwashe manya ya bar ƙanana cikin ramuka, bayan ƴan watanni su fito. An yi aiki, an kashe kuɗi, amma bayan an makara.

Darasin da Ostiraliya ta ɗauka ke nan, musamman daga 2018 lokacin da aka ƙara kuɗi da jirage. Duwatsun murjanin sun kusa 3,000, ba mai iya tsaron su duka. Sai aka zaɓi ƴan ɗaruruwa: waɗanda baƙi ke zuwa kallo, da waɗanda ruwa ke ɗaukar irin murjani daga gare su yana shukawa a wasu wurare. Ana jan mai leƙe a bayan kwale-kwale yana ƙirga, inda aka ga alama a tura masu allura, kuma su riƙa komawa wuri guda har sai adadin ya sauka ƙasa da abin da murjanin ke iya ɗauka. Wani bincike da ya fito a 2024 ya nuna bambancin: a yankin da aka isa da wuri da isassun ma'aikata, murjani ya ƙaru da kashi 44 cikin 100, alhali a annobar da ta gabata yankin ya yi asarar kashi 37. Inda aka makara kuwa, ba a ga irin wanga sakamako ba. Manomanmu sun san wannan. Masu sa ido kan fara ba sa jiran ta sauka a gonar hatsi, can Ayir da Tamesna suke binta tun tana ƙwai.

Sai dai allura ba ta amsa tambayar da ta fi nauyi: mi ke tayar da annobar tun farko? Nan ne siyasa ta shigo. Masana da yawa na nuna yatsa ga tudu. A bakin gaɓar Queensland gonakin rake ne da makiyayan shanu. In aka yi ruwa mai yawa, koguna kamar Burdekin na kwashe takin zamani da laka su zuba a teku. Takin da ke ciyar da rake shi ke ciyar da ƙananan tsirran ruwa da ido ba ya gani, su kuwa su ne abincin jariran tauraruwar. Abinci ya yawaita, masu tsira su yawaita. A 2019 gwamnatin jihar ta tsaurara doka kan yadda ake zuba taki, manoman rake suka yi ca, suna cewa an ɗora musu laifi da kuɗin gyara su kaɗai. Kuma a gaskiya suna da abin kamawa: an ga annoba a duwatsun Swain da ke can nesa da gaɓa, inda ruwan kogi ba ya kaiwa sosai.

Wasu kuma na duban masu cin ta. Akwai wani ƙaton dodon koɗin teku da ke farautar ta, wanda aka yi ta kwasa saboda kyan ƙoƙonsa har aka hana a 1969. Akwai kifaye da ke cin ƙananan. Tun 2004 aka hana su a kashi ɗaya cikin uku na yankin, kuma awo ya nuna annoba ta fi sauƙi a wuraren da aka hana. A ganinmu ba sai an zaɓi dalili guda ba. Taki da yawan su duka hannun mutum ne, kuma kowane ɓangare ya fi son a kalli na ɗayan.

Akwai kuma abin da ya sauya tun bayan lissafin 2012. Kashi 10 ɗin nan na zafin ruwa ba nan ya tsaya ba. A 2016, 2017, 2020, 2022 da 2024 ruwan ya yi zafi har murjani ya yi fari fat a wurare masu faɗi, wani ya farfaɗo, wani ya mutu. Wanda ya tsira daga zafi shi ne iri na gobe, kuma shi ne tauraruwar ke samu ta cinye. Wannan ya sa aikin masu allura ya ƙara daraja, ya kuma nuna iyakarsa, don ba allurar da ke sanyaya teku. Ostiraliya kuwa na cikin manyan masu sayar da gawayin ƙasa a duniya, kuma daga tashoshin Queensland ɗin nan ake lodinsa. Hukumar UNESCO, wadda ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 1981, ta sha matsa wa gwamnati lamba kan ingancin ruwa da ɗumamar yanayi.

A yanzu idon masu binciken yana arewa, wajen tsibirin Lizard, inda sauran annobar suka faro. Sun fara gwada ruwan teku da kansa don gano alamar jariran tun ido bai gan su ba. Lokacin zuba ƙwai yana zuwa ne a zafin can, wajen Disamba da Janairu, sa'ad da mu nan muke cikin hunturu.