Gadon Tsofaffin Injina: Kada A Ɗora Haƙƙin Maraya A Kan Sikeli

 

Kwanakin baya aka kira ni zaman rabon gadon wani dattijo a nan Magami, Allah Ya jiƙansa. Makaniken injin niƙa ne tun ƙuruciyarsa, kuma yana da wata ɗabi'a da aka daɗe ana yi masa dariya a kanta: ba ya barin tsohon inji ya tafi bola. In ya ji an yasar da wani a Tsafe ko Bungudu, sai ya bi shi ya saya, ya kwance, ya wanke da kananzir, ya shafa mai, ya jera a zaure. Da ya rasu, aka tarar da injinan Lister, da keken ɗinki Singer, da gwangwani cike da kwabo mai huji.

Tun ba a share makoki ba, 'yan jari-bola suka iso da sikeli. Babban ɗan ya so a auna a sayar a huta. Alhali cikin magada akwai yara biyu da ba su balaga ba. Na roƙi a dakata, kuma ina ganin duk wanda ya tsinci kansa a irin wannan zama haka ya kamata ya yi.

Lister ɗin nan a garin Dursley na Ingila aka ƙera shi. Samfurinsa mai tafiyar hawainiya sai a 1987 aka daina yin sa, kuma an yi ta kwaikwayonsa a Indiya saboda ƙarkonsa. A kan sikeli ƙarfe ne kawai, amma a hannun mai niƙa jari ne, kowane sashe nasa kuma kayan gyara ne. A Ingila, idan mai tara irin waɗannan kaya ya mutu, masana ake kira su ƙiyasta kowane ɗaya, a buga jerinsu, sannan a yi gwanjo a fili. Gidan gwanjo na Christie's a Landan tun 1766 yake wannan sana'a. Ban ce za mu sami farashinsu ba. Na ce ne ratar da ke tsakanin kuɗin kilo da kuɗin inji mai aiki dukiyar maraya ce, kuma Suratun Nisa'i ta yi kashedi mai tsanani a kan cin ta.

Wani daga cikin dangi ya ce ai gwanjo ciniki ne a kan cinikin ɗan'uwa, an kuwa hana. Imamu Malik ya warware wannan a Muwaɗɗa: hanin yana farawa ne idan mai kaya ya riga ya karkata ga mai saye sun kusa ƙullawa. Abu Dawud da Tirmizi kuma sun ruwaito daga Anas cewa Annabi (SAW) da kansa ya sayar da shimfiɗa da ƙoƙon wani mabuƙaci. Aka taya dirhami ɗaya, ya nemi mai ƙari, aka sallama a kan biyu. Abin da aka haramta shi ne najashi, wato a dasa mutum yana ƙara kuɗi ba da nufin saye ba. Kishiyarsa ma, wadda ta fi yawa a kasuwanninmu, zalunci ce: dillalai su haɗa baki kada kowa ya taya sama da ɗan'uwansa.

Daga ƙarshe muka tsaya a kan cewa a fara fitar da bashin mamaci da wasiyyarsa. Aka kira makanikai biyu da ba magada ba suka duba kayan, aka ɗauki hotuna aka tura Gusau da Kano ta WhatsApp, tun da halin hanyarmu ya sa ba kowa ke son shigowa ba. Ɗaya daga makanikan ya zuba man gas a injin da ya fi tsufa, ya juya hannu sau uku, ya tashi yana huci. Mai sikeli ya naɗe buhunsa. An sa gwanjo ranar kasuwa mai zuwa, a gaban waliyyin yaran.