Kimiyya a Sauƙaƙe: Yadda ganye ke zama magani

In kun shiga ɗakin gwaji, ku roƙi malamin kimiyya ya ɗiga muku ruwan haidirojin feroksaid a kan ɗanyar hanta. Nan take za ku ga kumfa. Aikin wani sinadari ne mai suna katales, ɗaya daga cikin masu gadin jiki da ake kira enzayim. Shi ke farfasa wannan ruwa mai cutarwa, ya mai da shi ruwa da iskar oksijin. Ku gwada da dafaffiyar hanta, ba za ta yi kumfa ba, domin zafi ya lalata shi.

Jikinmu ma yana samar da irin wannan guba yayin da yake ƙona abinci don samun ƙarfi. Idan sukari ya daɗe da yawa a jini, gubar kan fi ƙarfin masu gadin, sai ta taimaka wajen lalata jijiyoyi da ido da ƙoda. Shi ya sa masana ke binciken sinadaran tsirrai, irin na zoɓo da zogale, ko za su kawo wa jiki ɗauki.

To amma ku dubi tarihin metformin, maganin ciwon sukari da ya shahara a duniya. Asalinsa daga binciken wani tsiro ne na Turai mai suna galega, wanda ke iya kashe tumaki in sun ci da yawa. Sinadarin cikinsa yana rage sukari, amma yana da dafi. A 1922 aka fara haɗa metformin a ɗakin gwaji, sai a 1957 wani likitan Faransa, Jean Sterne, ya ba da rahoton gwada shi a kan masu ciwon. Shekara 35 ke nan tsakani. Awo da gwaji ne suka raba magani da guba.

Saboda haka, idan Baba ko Kaka na shan maganin asibiti, wani ya zo da jiƙo a gora yana cewa a ajiye ƙwayoyi, ku ba da shawara cikin ladabi a fara tambayar likita. Cin zogale a kwaɗo abu ne mai kyau, amma ba ya maye gurbin magani. Wataƙila a cikinku akwai wanda zai auna ganyayenmu ya gano gaskiyarsu.

Sai mako mai zuwa.