Hular da Muke Cusawa a Aljihu Idan Mun Bar Kafanchan

'Yan uwana mazauna Kafanchan, Zonkwa, Kachia, Kwoi da sauran garuruwan kudancin Kaduna, har da waɗanda ƙaddara ta mayar da su Kaduna ko Zariya amma zuciyarsu tana nan. Yau ina so ne mu tattauna a kan wata ɗabi'a da kowa ya san da ita amma ba a cika faɗinta a fili ba. Da yawa daga cikin samarinmu, da zarar mota ta bar tasha ta ɗauki hanyar Kagoro ko ta Kwoi, sai ka ga hannu ya tafi ka, an sauke hula an ninke ta an tura aljihu. Wani ma tun daga gida zai ajiye kaftaninsa, ya nemi wandon jins da 'yar shat ta gwanjo ya saka, wai don kada a gane shi. Ni dai ra'ayina shi ne, a ranakun zaman lafiya wannan ɗabi'a cutar da mu take yi, kuma zan faɗi dalilaina.

Mahaifina yadi da atamfa yake sayarwa a kasuwar Kafanchan, kuma tun da na gama sakandare ni ne ɗan aikensa. Ni ke kai kaya ƙauyuka, ni ke bin bashi, ni ke rako dila daga Kantin Kwari a Kano. Saboda haka hanyoyin nan na san su, tufafi kuma da su aka ciyar da ni, ba labari nake ji ba.

Da farko dai ba na zargin kowa da tsoro, domin tsoron nan yana da asali. A watan Maris na 1987 rikici ya tashi daga Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ya bazu har Zariya da Funtuwa. A 1992 aka yi na Zangon Kataf, wanda ya faro daga maganar sauya wa kasuwa matsuguni. A 1999 aka sake yi a nan garin lokacin ba wa Sarkin Jama'a sandar mulki. Na watan Afrilun 2011 kuwa, bayan zaɓen shugaban ƙasa, shi ne wanda mu 'yan wannan zamani muka gani muna yara: kasuwar Kafanchan ta ƙone, an rasa rayuka masu yawa a Zonkwa da Matsirga, iyalai da dama suka tafi ba su dawo ba har yau. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ce mutane fiye da 800 aka kashe a Arewa cikin kwana uku. Kuma maƙwabtanmu ma sun binne nasu, a wancan lokacin da kuma a hare-haren da aka yi ta kai wa ƙauyukansu a shekarun baya-bayan nan. Duk wanda ya ga wannan, idan ya cire hula ba za a ce masa matsoraci ba.

To amma tambayar ita ce, hular da aka cire ta ɓoye wa? Ka cire hula, harshenka fa? Da ka buɗe baki ka ce wa kwandasta ya ba ka canji, duk wanda ke cikin motar ya san Hausarka ta gida ce. Sunanka yana jikin katinka, saɓar salla tana goshinka. A ranar da hanya ta ɓaci, wandon jins ba ya ceton kowa, abin da ke ceto shi ne ka zauna a gida, ko ka bugi waya ka tambayi direbobin da suka fito kafin ka ɗaura tafiya. Wannan ita ce dokar gidanmu: idan an ji ƙishin-ƙishin, tafiya ta fasu, ko da kuwa bashin miliyan ne za a karɓo. Idan kuwa lafiya lau ake, to a tafi da kamannin da Allah ya san mutum da su.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, kayan nan da muke ɓoyewa ba mu kaɗai ke sa su ba. Duk wanda ya taɓa zuwa bikin Afan da ake yi a Kagoro ranar 1 ga Janairu ya ga abin da nake faɗa. E, za ka ga mafarauta da fatu da kwari da baka, za ka ga 'yan rawa da kayan gargajiyarsu a gindin dutsen nan mai ban sha'awa. Amma ɗaga ido ka dubi rumfar manyan baƙi. Babbar riga ce wata kan wata, aiki tun daga wuya har ciki, huluna zanna bukar da damanga, sarakuna da rawunansu. Haka abin yake a bikin Tuk Ham na Kwoi. Marigayi Patrick Yakowa, mutumin Fadan Kagoma da ya yi gwamnan Kaduna daga 2010 har rasuwarsa a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a Disamban 2012, da wuya ka ga hotonsa ba da kaftani ko babbar riga da hula ba. Ranar Lahadi kuwa ka tsaya a bakin shagonmu ka ga dattawan Bajju da Fantswam da Kaninkon suna wucewa coci, shadda ta sha bugu tana ɗaukar ido. To idan mai gari ya sa hula ya fito tinƙis-tinƙis, kai me ya sa taka ta zama abin ɓoyo?

Rabin cinikin Baba ma daga wajensu yake fitowa. Idan Kirsimeti ya matso, ko za a yi taron Zumuntar Mata, turmi ashirin ko talatin na atamfa iri ɗaya za a ce a kawo don anko. Akwai wata dattijuwa a wani ƙauye bayan Zonkwa da ke karɓar wa matan cocinsu kaya a wajenmu. Duk sanda na je, kafin a yi maganar kuɗi sai ta ce, “Ɗana, ya Alhaji? Ya ƙafar tasa?” Wata rana ta kalli hular da ke kaina ta ce, “Wannan aikin hannu ne ko na keke?” Na ce, “Na hannu ne, Mama.” Ta ce in samo wa maigidanta irinta. A wannan tafiyar ce kuma ta faɗa mini abin da ya tsaya mini a rai, cewa 'yarta da ke karatu a Zariya ba ta barin gida sai da babban mayafi a jaka, idan mota ta kusa wasu unguwanni sai ta fito da shi ta yafa. Ashe dai kowa da tasa rigar ta biyu a jaka. Mu muna ɓoye hula idan mun yi kudu, su suna fito da mayafi idan sun yi arewa, kowa yana tsoron ɗan uwansa a cikin mota ɗaya, a jiha ɗaya.

Ga inda cutarwar take. Idan duk wani Bahaushe mai hankali, mai sana'a, mai biyan haƙƙin mutane ya shiga ƙauye a ɓoye, to yaron da ke tasowa a can yaushe zai ga mai hula yana ciniki da uwarsa ana dariya? Ba zai san mai hula ba sai a labarin tashin hankali. Mu kuma da kanmu muna koya wa ƙannenmu cewa da ka wuce Unguwar Rimi ka shiga ƙasar wasu. Alhali kakanninmu a nan aka binne su. Masarautar Jama'a ta haura shekara 200, kuma tun da layin dogo daga Fatakwal ya iso a 1927 Kafanchan ta zama mahaɗa, inda hanyar Kaduna da ta Jos suka rabu, Bahaushe da Ibo da Bayarabe da 'yan ƙasa suka zauna tare suna cin abinci a gefen tashar. Kakana a wannan zamanin ya zo da tallan koli. Ana kiranmu baƙi, na sani, kuma wannan muhawara ce mai tsawo da ba yau za a ƙare ta ba. Amma mutumin da ke sauya kama duk sanda zai je garin da bai fi tafiyar minti ashirin daga gidansu ba, shi da kansa ya sa hannu a takardar baƙuntarsa.

Sai dai fa kada a ce na ce a yi ta fankama. Akwai wasu abokanmu da idan za su je karɓar bashi a ƙauye sai su ɗauko shaddar Getzner ta salla, da agogo mai walƙiya, da turare kamar an fasa kwalba. Ka je wajen manomin da cutar citta ta 2023 ta cinye masa gona, wanda har yanzu bai gama farfaɗowa ba, kana ƙyalli kamar ango kana ce masa ya biya. Wannan rashin tunani ne, kuma yana jawo baƙin jini fiye da yadda hula za ta jawo. Haka nan masu zama a bayan mota suna yi wa 'yan matan mutane dariya saboda siket ko wando. Ba garinku Kano kuke ba, kuma ko a Kano ɗin ba tarbiyya ba ce.

Tun da sana'ata ce, bari in ɗan ba da shawara a kan shigar tafiya a wannan yanki, domin ƙasar nan ba irin ta Katsina ba ce. Ruwa yana sauka da wuri kuma ya daɗe bai ɗauke ba, ƙasar kuma ja ce mai kama tufa. Farar shadda a kan babur daga Kwoi zuwa Nok da damina, wallahi sai dai ka dawo da ita ruwan goro, kuma ba mai wankin da zai fitar maka da ita duka. Ni abin da nake sawa shi ne yadi mara nauyi mai duhu, ruwan toka ko ruwan ƙasa ko shuɗi mai turuwa, ɗinkin yadi huɗu, riga iya gwiwa, wando kuma a ɗan tsuke ƙafarsa don kada ya sha taɓo ko ya shiga sarƙar babur. Babbar riga, wadda ita da 'yar ciki da wando sai ta ci yadi goma, a ninke ta a jaka sai an isa wurin biki. Takalmi sau-ciki, ba silifa ba, musamman idan za ka sauka kallon ruwan Matsirga, domin duwatsun wurin santsi gare su. Hula kuma a samu wadda ta ɗan kwana biyu. Sabuwar da mai wankin hula ya ɗora wa sitaci, yayyafi ɗaya ya ishe ta ta langaɓe, shi ya sa nake tafiya da 'yar leda a aljihu, kuma wannan ne kaɗai dalilin da ke sa tawa ta bar kaina. Idan kuwa hanyar Manchok za ka bi ka haura Jos da hunturu, to rigar sanyi a ƙarƙashin kaftani, ba a kansa ba. Na ga masu ɗora jaket a kan doguwar riga, sai mutum ya zama kamar buhun da aka ɗaure a tsakiya.

Da na ambaci Nok, duk wanda bai taɓa zuwa ba ya daure ya je. Ƙauye ne a ƙasar Jaba, kuma a nan masu haƙar kuza suka fara tono mutum-mutumin yumɓu a 1928, daga baya wani Bature mai suna Bernard Fagg ya yi bincike a kansu a shekarun 1940 ya sa musu sunan garin. Ɗaya daga cikin mafiya shahara ma sunan Jama'a yake ɗauke da shi, don a yankinmu aka same shi. Abin da ya ɗauki hankalina a matsayina na ɗan mai yadi shi ne kwalliyarsu. Kitso iri-iri, wani an tara shi tumbi-tumbi, duwatsun wuya jere a kan jere, awarwaro a hannu da ƙafa. Mutanen da suka rayu fiye da shekara 2,000 da suka wuce, kafin a san wani abu wai shi Bahaushen Kafanchan ko ɗan ƙasa, su ma gayu suke yi. Mai gadin wurin da ya zagaya da ni hula ce a kansa, ya tsufa da ita har zaren ya fara tashi.

Wani abin takaicin da ya haɗa mu duka kuma shi ne, yadin da muke faɗa a kansa ma ba namu ba ne yanzu. Baba yana ba da labarin lokacin da atamfar Kaduna ce ke cika shago. Masaƙar KTL da aka kafa a 1957 ta rufe a 2002, UNTL ta bi baya a 2007, dubban ma'aikata suka rasa abin yi, kuma cikinsu akwai 'yan kudancin Kaduna da yawa da suka cika Kakuri. Yau shadda mai tsada daga Ostiriya take zuwa, mai araha da yawancin atamfa kuma daga Sin. Da mai anko da mai kaftani, duk kwantena ɗaya ce ke tufatar da su.

Na san akwai waɗanda za su ce ni yaro ne, ban ga abin da suka gani ba. Gaskiya ne, kuma wanda ya rasa ɗa ko uba a hanya ba zan tsaya ina yi masa wa'azin hula ba, ya sa abin da zuciyarsa ta natsu da shi. Maganata da sa'o'ina nake, mu da muke yawon kasuwanni kullum, muke da abokai a Kagoro da Madakiya da Gidan Waya tun daga aji ɗaya na sakandare. Idan abokinka ya gayyace ka ɗaurin aurensa a coci ko walimar bayansa, ka je masa da shigar da za ka je wa ɗan uwanka, domin ya san wane ne kai tun kafin ya ba ka katin. Idan kuma ya zo naka da kwat, ka ba shi tabarma a sahun gaba.

A watan Janairu mai zuwa, in Allah ya kai mu kuma hanya tana lafiya, ni da wasu abokaina za mu je Afan, kuma mun yanke yadi iri ɗaya ruwan toka. Duk mai sha'awar shiga ankon ya same ni a shago kafin tsakiyar Disamba, domin daga nan teloli ba sa karɓar ɗinki.