Daga Safa: Injin wa za a ɗora a mota gobe?

A makon da ya wuce ɗan yayata da ke karatun injiniyan injuna a Zariya ya turo mini saƙon murya. Ya ce, "Kawu, kai da kake zaune a ƙasar mai, gaya mini gaskiya. Injin fetur ya kusa mutuwa ne? Kada in ƙare karatu a kan abin da za a binne kafin in samu aiki." Ban amsa masa nan take ba. Na ɗauki tambayar na kai ta majalisarmu ta bayan isha'i a nan unguwar Safa, inda muke shan shayi a ƙofar garejin wani dattijo bakanike, mutumin Maraɗi, da ya fi shekara 30 a Jidda. Da ya gama sauraro sai ya ce, "Malam, ka ce masa ya duba masu tseren bakin teku. Inda manya suka zuba kuɗi, can hanya ta nufa."

Tseren da Baba yake nufi shi ne Formula 1. An fara yin sa a Jidda ranar 5 ga Disamba 2021, a kan titin da aka shimfiɗa a bakin Bahar Maliya, mai tsawon kilomita 6.174 da kwana 27. Lewis Hamilton ne ya ci na farko. Yawancinmu ba mu taɓa sayen tikiti ba, a waya muke kallo kamar wanda ke Kano. Amma na bi shawarar Baba, na zauna na duba wa ke ba wa inji, kuma har zuwa yaushe.

Ƙungiyoyin tseren iri biyu ne. Akwai masu ƙera injinsu da kansu, kamar Ferrari da Mercedes, akwai kuma masu saye daga wajen wasu. Tun 2014 kowa ke amfani da inji mai silinda 6 da lita 1.6, haɗe da turbo da batir. Daga kakar 2026 doka ta canja. Ƙarfin ɓangaren lantarki zai tashi daga kilowat 120 zuwa 350, wato kusan rabin ƙarfin motar. An cire na'urar da ke tatsar lantarki daga zafin hayaƙi, wadda ta fi komai tsada da wuyar ƙerawa. Man da za a zuba kuma dole ya zama wanda ba a haƙo daga ƙasa ba, sai wanda aka haɗa daga shara, ko ragowar tsirrai, ko iskar da aka kama.

Wannan canjin ne ya birkita kasuwar. Audi ta sayi ƙungiyar Sauber za ta shigo da injinta. Red Bull ta kafa masana'antarta, ta ƙulla ƙawance da Ford a Fabrairun 2023. Honda ta koma wajen Aston Martin, an sanar a Mayun 2023. Renault, wadda ita ta fara kawo turbo cikin tseren a 1977, ta daina ƙera inji, ƙungiyarta Alpine za ta riƙa saye daga Mercedes har 2030. McLaren da Williams su ma suna tare da Mercedes zuwa 2030. Haas na tare da Ferrari zuwa 2028. Sabuwar ƙungiyar Cadillac ta Amurka za ta fara da injin Ferrari, tana shirin fitar da nata a 2029.

Da na karanto wannan jerin a majalisa, wani matashi direba ya ce, "To ai magana ta ƙare, kowa ya sa hannu." Baba ya yi dariya ya ce, "Yaro, takarda ba ta ɗaure mai kuɗi." Tarihin Honda ya gaskata shi. Sau 4 kamfanin yana shiga tseren yana fita. A ƙarshen 2008, da tattalin arzikin duniya ya karye, ta tattara kayanta ta bar wa Ross Brawn ƙungiyar. Brawn ya nemo injin Mercedes ya ɗora, ya cinye kambun direbobi da na ƙungiyoyi a 2009. A Oktoban 2020 ta sake cewa za ta fita don ta mai da hankali kan rage gurɓata iska. Shekara guda bayan haka Max Verstappen ya ci kambu da injinta, ya kuma ci gaba da ci har 2024, ita ce ke ƙera injin amma rabin yabon na tafiya ga Red Bull. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ga ta nan ta dawo a karo na biyar.

Hausawa na cewa kayan aro ba ya rufe katara, kuma shekaru da dama haka abin yake a wannan tsere. Lokacin da aka canja doka a 2014, Mercedes mai injinta ta ci kambun ƙungiyoyi sau 8 a jere, har 2021. Amma McLaren, wadda ke sayen inji daga Mercedes, ta zo ta doke mai kayan a 2024, ta maimaita a 2025. Abin lura shi ne hakan ya faru ne bayan doka ta tsufa, kowa ya gane sirrin injin. A shekarun farko na sabuwar doka, wanda ya zana inji da gangar mota a ɗaki ɗaya yakan riga kowa. Wannan ne ya sa Aston Martin ta bar injin Mercedes da ta saba da shi, wanda Fernando Alonso ya zo na uku da shi a nan Jidda a 2023, ta rungumi Honda da za ta zama tata ita kaɗai. Duk wanda ya taɓa aiki a ƙarƙashin kafili ya san bambancin mai shago da mai jiran shago.

A nan ne maganar ta shigo gida. Babban mai ɗaukar nauyin Aston Martin shi ne Aramco, kamfanin man Saudiyya, kuma shi zai haɗa man da injin Honda zai sha. Tun 2020 yake cikin manyan masu tallafa wa tseren gaba ɗaya, tun 2023 kuma yake gwada irin wannan man a ƙananan ajujuwa na Formula 2 da Formula 3. Mu mazauna wannan gari ba sai an gaya mana yadda mai da tsere suka cakuɗe ba. Ranar 25 ga Maris 2022, ana cikin atisayen Juma'a, aka kai wa rumbun man Aramco da ke arewacin Jidda hari, muka ga baƙin hayaƙi ya turnuƙe sama, aka kuma yi tseren ranar Lahadi.

Me kamfanin mai ke nema a wajen man da ba a haƙo ba? Amsar na cikin wani ciniki da bai yi ƙara ba. A 2024, shekarar da Renault ta sanar da rufe sashen injin tserenta, Aramco ya sayi kashi 10 cikin 100 na Horse Powertrain, kamfanin da Renault da Geely ta Sin suka kafa don ƙera injinan fetur da masu haɗin batir na motocin titi. Idan aka samu man da ba ya ƙara gurɓata iska, injin fetur ya samu ƙarin kwana, mai sayar da mai kuma bai rasa kasuwa ba. A ɗaya hannun, asusun zuba jari na gwamnatin Saudiyya ne ke da kaso mafi tsoka a Lucid, mai ƙera motocin lantarki zalla, wadda ta buɗe masana'anta a Birnin Tattalin Arziki na Sarki Abdallah, arewa da Jidda, a Satumban 2023. Ƙasar da ta fi kowa sanin mai ta zuba kuɗi a ɓangarorin biyu.

Yanzu ga hasashena, kuma hasashe ne, in na faɗi ku tuna mini. Rigimar gaske za ta tashi ne a kan dokar da za ta biyo bayan 2030, lokacin da yawancin yarjejeniyoyin nan za su ƙare. A farkon 2025 shugaban hukumar FIA, Mohammed Ben Sulayem, ya ɗago maganar komawa inji mai silinda 10, mai ƙara, mara nauyi. Masu ƙera inji suka zauna a Bahrain a watan Afrilu, ba a amince ba, daga baya zance ya koma kan silinda 8 da ɗan batir. Audi da Honda sun shigo ne saboda lantarki ya samu babban kaso. Idan aka rage shi sosai, ina ganin ɗaya daga cikinsu za ta fara duban ƙofa, kuma tarihi ya nuna wadda ta fi sanin hanyar ƙofar. Idan Honda ta tafi, ba zan yi mamaki ba in kuɗin Aramco ya sa Aston Martin ta bi sawun Red Bull ta kafa tata masana'antar. Sannan ku sa ido a kan Toyota. Ta bar tseren a 2009 bayan kaka 8 ba ta ci ko sau ɗaya ba, ta dawo ta ƙofar baya a Oktoban 2024 a matsayin abokiyar fasaha ta Haas, kwantiragin Haas da Ferrari kuma zai ƙare a 2028. Toyota ta ce ba ta da niyyar ƙera inji. Na ji, amma inji mai sauƙi da araha na iya canja wa mutum ra'ayi.

Na koma wajen Baba da duk wannan. Ya nuna mini wata Camry mai haɗin batir da aka kawo masa, irin wadda ake haya da ita a gari. Ya ce, "Inji na san shi kamar yunwar cikina. Amma wannan jar wayar mai kaurin nan, sai na kira wani yaro ɗan Pakistan ya zo da kwamfutarsa, mu raba kuɗin." Wayar da yake nufi ita ce mai ɗauke da babban lantarki, wadda bakanike ba ya taɓawa da ka.

Ga abin da na tura wa ɗan yayata, kuma na kowane ɗalibi ne da ke karanta wannan daga Alƙahira ko Kuala Lumpur ko Landan. Ɗana, kada ka yar da darasin inji. Masu biliyoyi sun ɗaure kansu da shi har 2030 a ƙalla, motocin da ke titin Zariya kuma za su daɗe suna shan mai. Amma duk injin da aka sa wa hannu a waɗannan takardun rabinsa lantarki ne. Ka shiga ajin batir da na sarrafa lantarki ko da ba a tilasta maka ba, ka koyi karanta abin da kwamfuta ke faɗa game da mota. Ba na son ranar da za a kawo maka aiki ka raba kuɗin da wani.

Ya amso da cewa zai duba ko akwai gurbi a zangon karatu mai zuwa. Sai mun haɗu a mako na gaba, in Allah Ya kai mu.