Wa Ke Riƙe da Littafin Rabin Aji?

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Ɗambatta ranar Lahadi ya ratsa ta kara, ya san ba a cinikin sa a bar shi a ka. Dillali yana da ɗan littafinsa a aljihun gaba: sunan mai dabba, yadda aka sallama, abin da aka bayar, abin da ya rage, da la'adarsa. Uwar adashin unguwarmu ba ta taɓa zama a aji ba, amma jikarta na rubuta mata wanda ya zuba da wanda ya kwasa. Mai shago ma da ke ba da bashin sukari yana da tsohon littafin da maiƙo ya ɓata, kuma ba ya wasa da shi. Mu mutane ne masu rubuta duk abin da muke tsoron ya salwanta. Saboda haka, idan mai karatu na son sanin abin da ba mu ɗauka da daraja ba, sai ya duba abin da ba ma rubutawa. Yaro ɗan shekara biyar yakan shekara cur a gaban malamarsa, ya wuce aji ɗaya, ba a bar ko layi guda game da shi ba, in ban da alamar ya zo ko bai zo ba.

Da na gama digiri na dawo gida ina jiran kiran bautar ƙasa, zaman banza ya ishe ni, sai na riƙa bin yayata zuwa makarantar firamaren da take koyarwa a wani ƙauye da ke bayan gari. Ajin share fage aka ba ta, wanda kowa ke kira rabin aji. Sunan kansa ya isa shaida a kanmu, domin abin da aka kira rabi ba a sa ran a ba shi cikakken malami, balle cikakkiyar kulawa. Ranar farko na ƙirga yara 78 a kan tabarmi. A jakarta akwai rajistar kiran suna, da littafin tsara darasi, da na aikin mako. Na duba su ɗaya bayan ɗaya, na ga duk an yi su ne domin idon mai duba makarantu. Suna nuna cewa malama ta zo, ta koyar da a, ba, ca, ta sa hannu. Babu wanda ke nuna ko wani yaro ya koya.

A cikin yaran akwai wani da ke zama can baya jikin bango. Idan an kira sunansa ba ya amsawa sai na kusa da shi ya zungure shi. Yaya ta lura cewa idan ta tsaya a gabansa yana kallon bakinta, yakan maimaita abin da ta faɗa daidai, amma da ta juya ga allo sai ya ɓace mata. Ta yi zargin kunne ne. Ta dawo da shi gaba, ta kuma gaya wa mahaifiyarsa a wani gidan suna cewa a kai shi asibiti a duba. Ba da jimawa ba ta tafi hutun haihuwa, kafin ta dawo an yi mata canjin wurin aiki, ni kuma na tafi bautar ƙasa. Da na dawo na tambayi labarinsa, aka ce ya shiga aji ɗaya, malamin can ya ɗauke shi mai taurin kai, bulala ta yi yawa, har uban ya ce ya huta ya bi awaki.

Na ce da ita, “Yaya, da kin rubuta abin da kika gani, ai da wanda ya gaje ki ya sani.”

Ta dube ni ta ce, “Ƙanena, a wane littafi? Shekara nawa ina wannan aji, ba wanda ya taɓa tambayata me na sani game da yaro ko ɗaya. Rajista kawai suke cewa in kawo.”

Wannan amsar ce ta hana ni ganin laifinta, ita ce kuma ta sa nake ganin laifin tsarin. Ilimin da malamar rabin aji ke tarawa game da yara yana zaune a kanta ne kaɗai, ranar da ta bar ajin kuwa ya bi ta. Asibitin da ke aiki haka, kowane sabon likita ya fara daga farko ba kati ba fayil, da tuni mutane sun ƙaurace masa.

Ba dokoki muka rasa ba. Dokar Ilimin Bai Ɗaya ta 2004 ta sanya kula da ƙananan yara cikin ilimin tushe, ta kuma ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya ga hukumar UBEC. Manufar Ilimi ta Ƙasa, bugun 2013, ta ce kowane yaro ya yi shekara guda ta share fage kafin firamare, malami ɗaya ga yara 25, a kuma koyar da su da harshen da suka tashi da shi. Tun 1993 aka kafa hukumar rajistar malamai, TRCN, wadda ke cewa wajibi ne malami ya ci gaba da ƙaro sani muddin yana aiki. Kwalejojin ilimi suna ba da shaidar NCE a fannin renon ƙananan yara. A Kano an ayyana ilimi kyauta kuma dole a 2019, aka ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024. Ban raina ko ɗaya daga cikinsu ba, kuma yaron da ke zaune a ƙasa yana buƙatar benci da rufin da ba ya yoyo. Sai dai gini ana ganinsa daga titi, ana yanka masa kyalle a ɗauki hoto. Littafin da malama ke rubuta cewa wance ta fara riƙe fensir daidai ba shi da bikin buɗewa, shi ya sa ba shi da mai tsaya masa.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, hikimar da muke nema tana zauren malam tun kaka da kakanni. A makarantar allo kowane yaro yana riƙe da shaidar inda ya kai a hannunsa. Malam ba ya cewa yau duk aji an wuce wuri kaza. Yaro ɗaya ɗaya ke zuwa ya biya, in ya riƙe a ce ya wanke a ɗora masa, in bai riƙe ba ya koma da allonsa. Baƙon malami da ya shigo yau, da ya karɓi allon yaro ya san matsayinsa. Ana iya sukar makarantar allo ta fuskoki da dama, amma a wannan fuskar ta fi rabin ajinmu na boko, inda yara 78 ke rera abu ɗaya da murya ɗaya, mai ji da marar ji, a tashi a ce an yi darasi. Haka kuma mun ga yadda aka yaƙi shan inna a ƙasar nan: alli a jikin bangon kowane gida, tawada a ɗan yatsan kowane yaro, kati a hannun kowace uwa, har aka tabbatar da kawar da cutar daga Nijeriya a watan Agustan 2020. Wanda ya ce mutanen karkara ba za su iya adana bayanan yara ba, bai ga bangon gidajenmu ba.

Yanzu bari in zo kan bita, domin nan ne ake cewa ana gina malami. Na raka Yaya wata bita ta kwana uku a birni. Ɗaki mai sanyi, mai jawabi da na'urar haska bango, Turanci tun safe har la'asar, hotunan yaran wata ƙasa suna wasa da kayan da ko a mafarki ajinta bai gani ba. A ƙarshe aka raba jaka da satifiket da alawus, aka yi hoto. Ba wanda ya tambayi mahalarta me ke damunsu a aji, ba kuma wanda ya biyo su ƙauye bayan wata guda ya ga ko wani abu ya canja. Wasu daga cikin waɗanda na gani a wurin ma ba su taɓa koyar da ƙananan yara ba, sunansu ne ya shiga takarda saboda alawus. Satifiket ɗin yana ƙarƙashin katifar Yaya har yau, tare da 'yan uwansa. Ba ya cikin wani fayil da zai sa a ce wannan ta ƙware a rabin aji, kada a ɗauke ta. Ga yadda abin ke tafiya a inda na gani: malamar da ta nuna ƙwazo sai a ce ta fi ƙarfin yara, a mayar da ita aji shida, a turo wa ƙanana wanda ya gaji ko wanda ake son a hukunta. Ana cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma ɗanyen iccen ne muke miƙa wa hannun da ya fi rauni.

Rashin littafin yaro da rashin amfanin bita ciwo ɗaya ne. Malamar da ba ta rubuta abin da take gani ba ta da tambayar da za ta kai wurin bita, mai bita kuma ba shi da abin da zai gina jawabinsa a kai sai abin da ya kwaso daga waje. Hukumar da ba ta da tarihin malaminta kuwa, ranar da ta so sanin ingancinsa sai ta koma ga jarrabawar yini ɗaya. Haka aka yi a Kaduna a 2017, inda aka ce malamai 21,780 cikin kimanin 33,000 sun kasa cin jarrabawar 'yan aji huɗu, aka sallame su. Ba na kare malamin da bai iya abin da yake koyarwa ba. Tambayata ita ce, shekarun da suka yi suna karɓar albashi, ina rahoton masu duba su? In an rubuta, wa ya karanta? In ba a rubuta ba, ashe an bar jaki ana dukan taiki.

Na san abin da za a ce mini, domin Yaya da kanta ta faɗa. Mace ɗaya da yara kusan tamanin, wannan na kuka, wancan ya yi fitsari, ga albashin da ba ya kai wata, sannan a ƙara mata rubutu? Wannan magana gaskiya ce, kuma duk wanda ya zo da fom mai shafi goma ya ce a cike wa kowane yaro, azzalumi ne ko da da kyakkyawar niyya ya zo. Irin wannan fom a daren zuwan mai duba makarantu ake cike shi, da biro ɗaya da ƙarya ɗaya. Abin da nake nufi ya fi haka sauƙi. Littafin rubutu na kasuwa, shafi ɗaya ga kowane yaro. Kullum malama ta sa ido a kan yara biyar kawai, bayan an tashi ta rubuta layi biyu a kan kowanne, da Hausa, da boko ko da ajami, yadda hannunta ya fi sakewa: ya ƙirga har bakwai, ba ta wasa da kowa, yana kanne ido idan ya dubi allo, ta zo ba ta karya ba kwana uku a jere. A aji mai yara 80, cikin kwana 16 na makaranta an zagaye kowa, a zango ɗaya an waiwayi kowane yaro kusan sau huɗu. A rage mata kwafe tsarin darasin da take maimaitawa kowace shekara ba canji, lokacin zai fito.

Akwai wata fargabar da ta fi wannan nauyi, wato kada littafin ya zama tambari. Idan malama ta rubuta “daƙiƙi ne”, ta yanke wa yaro hukuncin da zai bi shi har aji shida. Nan ne horo na gaskiya ke da aiki: a koya wa malami ya rubuta abin da idonsa ya gani, ya bar abin da zuciyarsa ta yanke. A kuma san cewa littafin amana ne tsakanin malami da iyaye da malamin gaba, ba abin hira a gindin bishiya ba.

Mai shakkar cewa layi biyu na da tasiri ya dubi abin da ya faru a Jamaika. A 1986 da 1987 masu bincike suka ɗauki yara 129 da rashin abinci ya tsumburar a birnin Kingston. Wasu daga cikinsu ma'aikatan lafiya na unguwa suka riƙa ziyarta sau ɗaya a mako har shekara biyu, suna koya wa iyaye mata wasa da hira da 'ya'yansu. Bayan shekara 20 aka nemo su, aka tarar waɗanda aka ziyarta suna samun kuɗin da ya ɗara na sauran da kusan kashi 25 cikin 100. An buga sakamakon a 2014, cikin marubutan har da James Heckman mai lambar Nobel a tattalin arziki. Duniya ta san wannan ne domin wani ya rubuta sunayen yaran, ya adana, ya koma ya duba. Mu a nan ko sunan yaron da ya bar makaranta bara sai an yi ta tambaya.

Saboda haka ga abin da nake nema daga masu iko da ilimi a ƙaramar hukuma da jiha, kuma ba ya buƙatar kwangila. Malaman rabin aji na makarantu biyar ko shida da ke kusa su riƙa haɗuwa sau ɗaya a wata a ɗaya daga cikin makarantun, kowa da littafinsa, a buɗe a tattauna yara na gaske: wannan ba ta magana, me kuka yi da irinta? Mai duba makarantu ya zauna a cikinsu, idan ya ziyarci aji kuma ya zaɓi yaro ɗaya ya ce a nuna masa shafinsa. Ofishin ilimi ya buɗe wa kowane malami shafi shi ma: horon da ya samu, abin da aka ga ya canja a ajinsa, shekarun da ya yi da ƙanana, kuma wannan shafin ya yi magana ranar ƙarin girma da ranar canjin wurin aiki. A ƙarshen shekara kuwa, malamar rabin aji ta miƙa littafin hannu da hannu ga malamin aji ɗaya a gaban hedimasta, kamar yadda ake miƙa makullin sito.

Yaya ta fara nata a sabuwar makarantarta, da littafin da na saya mata a kasuwar Lahadi. Har yanzu ba wanda ya nemi ganinsa. Makon jiya ta nuna mini shafin wata yarinya da ta rubuta wa sau uku cewa tana matso da takarda dab da fuskarta, ta ce gobe za ta bi ta gida bayan an tashi, da littafin a hannu, ta nuna wa uban.