MAGANIN SIN: WANNE ZA MU ƊAUKA, WANNE ZA MU BARI?

Da wuya a yau ka shiga kasuwa ko tashar mota ba ka ji ana tallar "maganin Sin" ba: shayin wankin ciki, ƙwayar ƙarfin maza, garin rage teɓa. Wasu matasanmu ma sun ɗauki tallar sana'a, suna bi gida-gida da jaka. Jama'a kuwa sun rabu biyu, masu karɓa ido rufe da masu cewa duk damfara ce. Ni a ganina duka ɓangarorin sun yi gaggawa, domin tambayar da ya kamata a yi wa kowane magani ita ce: an gwada shi? Wa ya gwada, kuma me aka gani?

Mu fara da alherin da muka samu. A 1967, lokacin yaƙin Biyetnam, gwamnatin Sin ta kafa wani shiri na neman maganin zazzaɓin cizon sauro. Wata masaniya mai suna Tu Yuyu da abokan aikinta suka tattara haɗe-haɗen gargajiya fiye da 2,000. Akasarinsu ba su tsinana komai ba. A wani littafi na ƙarni na 4 ta samu ishara kan wani ganye dangin tazargade, ta kuma gane cewa tafasawa ke kashe ƙarfinsa. A 1971 ta tatso sinadarin ba tare da zafi mai yawa ba, aka gwada a kan ɓeraye da birai, sannan ita kanta ta sha kafin a ba majinyata. Wannan sinadari, atemisinin, shi ne ginshiƙin Coartem da ire-irensa da ake ba 'ya'yanmu a asibiti, kuma a kansa ta samu kyautar Nobel a 2015. Ku lura ya 'yan uwa, tsohon littafi ya nuna hanya, amma gwaji ne ya tace ɗaya daga cikin dubbai.

Sai maganin tsira allurai a jiki, wato akufanca. A 2007 aka fitar da sakamakon wani babban gwaji a Jamus a kan mutum 1,162 masu ciwon baya. Waɗanda aka tsira wa allura bisa ƙa'idar Sin, kusan 48 cikin 100 sun ji sauƙi. Waɗanda aka tsira wa sama-sama a wuraren da ƙa'idar ba ta san da su ba, 44 cikin 100. Masu jinyar asibiti da aka saba, 27. To me wannan ke nunawa? Allurar na iya rage wa mai ciwon baya raɗaɗi, amma taswirar jijiyoyin da ake cewa ita ce sirrin aikin ba ta nuna wani bambanci na a zo a gani ba. Saboda haka duk wanda ya ce maka allura za ta warkar da ciwon suga ko daji, ka nemi ya kawo hujja. Kuma allurar da ta shiga jikin wani tana iya ɗauko ciwon hanta ko ƙanjamau, kamar dai askar wanzami da ƙahon da ba a tsabtace ba.

Masu talla kan ce ai Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince. Abin da ya faru shi ne a 2019 ta sa babin sunayen cututtuka na likitancin gargajiyar Sin, Japan da Koriya a kundinta, don a riƙa ƙididdiga, kuma ita da kanta ta bayyana cewa hakan ba shaida ce ta cewa maganin na aiki ba.

Su kan kuma ce ai ganye ne, ba ya cutarwa. A farkon shekarun 1990, a wani asibitin rage ƙiba a Beljiyam, an ba mata haɗin ganyen Sin wanda aka musanya wani saiwa da wani mai kama da shi a suna. Mata fiye da 100 ƙodarsu ta lalace, wasu sai da aka yi musu dashe, wasu daji ya kama musu hanyar fitsari. Ashe tunfafiya da zaƙami ba ganye ba ne?

Akwai kuma asarar da ta shigo har cikin garkenmu. Ana dafa fatar jaki a fitar da wani ƙullo mai suna ejiyawo, wai yana ƙara jini da gyara fata, alhali ba a tabbatar da hakan ta irin gwajin da aka yi wa atemisinin ba. Jakunan Sin sun ragu daga miliyan 11 a wajen 1990 zuwa ƙasa da miliyan 2, sai dillalai suka juyo Afirka, har kasuwanni irin Maigatari. Nijar ta hana fitar da jakai a 2016, Tarayyar Afirka kuma ta amince da hana yanka su don fata a Fabrairun 2024. Talakan da ke ɗibar ruwa da kai taki gona da jakinsa, shi ke biyan kuɗin kwalliyar wasu.

Don haka ya ɗan uwa, kafin ka saya ko ka sayar, ka duba ko akwai lambar NAFDAC, ka kuma sani cewa lambar a kan maganin ganye ba ta nufin an tabbatar da duk abin da aka rubuta a kwalin. Kada ka yarda a tsira maka allura sai sabuwa, wadda aka ɓare a gabanka. Kada ka sa mahaifiyarka ta ajiye maganin hawan jininta don ka samu kamasho. Wanda ya sayar wa maras lafiya abin da shi kansa bai san mene ne a ciki ba, ya ci amana, ko da kuwa da kyakkyawar niyya ya yi. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya tsare mu daga cin haƙƙin bayinSa. Wassalam.