Kafin Ka Kunna Hi-Res a Wayarka, Lissafa Kuɗin Data Tukuna

Makonni kaɗan da suka wuce ƙanena ya same ni a ƙofar gida a Yakasai, fuskar nan a murtuke. Ya yi sabuwar waya daga Farm Centre, ya biya kuɗin wata a wata manhajar sauraron waƙa, ya zuba data 3GB, kwana biyu kacal ta ce ga garinku nan. "Yaya, wallahi sace min data ake yi, ko bidiyo ɗaya ban kalla ba." Na karɓi wayar na shiga saitin manhajar. Babu wanda ya sace masa komai. Shi da hannunsa ya je wajen zaɓen ingancin sauti ya danna na can ƙarshe, don a ganinsa tunda ya biya, gara ya sha romon kuɗinsa har ƙasan kwano. Abin da yake saurare da shi kuwa, iyafis ne na Bluetooth na 'yan dubbai.

Na san ba shi kaɗai ba ne. Tun da manyan manhajojin waƙa suka fara tallan sautin da suke kira Lossless da Hi-Res, samari da yawa suna ɗaukar kunna shi a matsayin alamar wayewa. Ra'ayina shi ne, ga mai sauraron da ke zaune a cikin birnin Kano, da irin wayar da muke riƙewa da irin datar da muke saye, wannan asarar kuɗi ce. Kuma ko kamfanonin da suka ƙirƙiro kasuwar sun gwada sayar da shi da tsada sun kasa.

Bari mu fara da sanin abin da ake sayar mana. Waƙar da ke faifan CD ana ɗaukar sautinta sau 44,100 a kowace daƙiƙa, kuma tana gudu da kilobit 1,411 a daƙiƙa. Wannan ya yi wa intanet nauyi, shi ya sa aka fito da tsarin matse sauti irin su MP3 da AAC, waɗanda ke zubar da ɓangarorin da kunne bai cika lura da su ba, fayil ya koma ɗan ƙarami. Lossless na nufin ba a zubar da komai ba, an ba ka waƙar yadda take a faifai. Hi-Res kuma ya zarce faifan ma, yana iya kaiwa ɗauka sau 192,000 a daƙiƙa. Lambar tana da daɗin faɗa a majalisa. Sai dai kunnen ɗan Adam, ko na yaro mai cikakkiyar lafiya, yana tsayawa ne a wajen haz 20,000, kuma yana raguwa da shekaru. Ma'aunin CD ya riga ya ɗauke har wajen haz 22,000. Abin da ke sama da nan, sai dai jemage ya ba da labari.

Yanzu ga lissafi, kuma alƙaluman na Apple ne da kansa, suna nan a cikin saitin Apple Music ga mai son dubawa. Waƙa mai minti uku a sauti mai kyau na yau da kullum tana cin kimanin 6MB. A Lossless tana iya kaiwa 36MB. A Hi-Res mafi sama kuwa, 145MB. Waƙa ɗaya tal. In ka saurari waƙa ashirin, wato awa guda, na farko ya ci 120MB, na biyu 720MB, na uku ya kusa 3GB.

Farashin data yana sauyawa daga layi zuwa layi, to mu ƙaddara kana samun 1GB a kan N500. Mai sauraron awa ɗaya kullum zai kashe wajen N1,800 a wata a sautin yau da kullum. A Lossless zai iya kashe N10,800. A Hi-Res, in duk waƙoƙin sun kai ƙololuwar ma'aunin, N43,500. Mafi ƙarancin albashin da gwamnatin Kano ta sanar a 2024 N71,000 ne. Gaskiya ba kowace waƙa ce ke kai wannan nauyin ba, da yawa suna ƙasa da haka, amma ko ka raba lissafin biyu, ka ga dai kuɗin wata da manhajar ke karɓa shi ne ƙaramin ɓangaren abin da za ka biya. Kar kuma a manta a watan Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara farashi har kashi 50 cikin ɗari. Wanda ya ce zai sauke waƙoƙin ya ajiye don ya huta da data, shi ma ga nasa: 10GB na ɗaukar waƙa kusan 3,000 a sautin yau da kullum, 1,000 a Lossless, 200 kawai a Hi-Res. A wayar 64GB da hotunan biki da bidiyon WhatsApp suka riga suka cika, ina za a zuba su?

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, bayan duk wannan ɗawainiya sautin ba ya isa kunne yadda aka saye shi. Bluetooth ƙaramar hanya ce. Tsarin da yawancin iyafis da ƙananan sifikoki ke amfani da shi ba ya wuce kilobit ɗari uku da 'yan kai a daƙiƙa. Ko LDAC na kamfanin Sony a 990 yake tsayawa, bai kai CD ba. Ma'ana wayarka za ta jawo waƙar da nauyinta, ka biya kuɗin data, sannan ita wayar ta sake matse ta kafin ta tura wa iyafis. Kamar ka sayi ruwa tanka guda ne, sannan a ce ta bututun biro za a zuba maka. Apple da kansa ya bayyana cewa AirPods ɗinsa ba sa ba da Lossless ta Bluetooth, kuma duk abin da ya haura 48,000 sai ka haɗa wata na'ura daban da ake kira DAC.

Sai kuma wurin da ake sauraron. Masu gwada irin wannan sauti a ƙasashen waje suna zama ne a ɗaki shiru, da sifikoki na miliyoyi. Mu kuwa a ina muke jin waƙa? A bayan A Daidaita Sahu tsakanin Ƙofar Mata da Mandawari, ga hon ta ko'ina. A shago a Kurmi, ana ciniki a kanka. A soro da daddare, janaretan maƙwabci na ruri, injin markaɗe bai tashi ba tukuna. Gidajen cikin birni bango ɗaya ne ya raba su, lungu kuma ba ya rabuwa da hayaniyar yara. Bambancin da ake taƙama da shi ɗan siriri ne ƙwarai, ko a ɗaki shiru sai an kasa kunne. A cikin wannan hayaniya ya riga ya nutse.

Wani zai ce, to ai ba laifin fasahar ba ne, halin da muke ciki ne, in abubuwa suka gyaru za mu more. Sai mu duba yadda ta kaya a inda abubuwan suke a gyare.

Mawaƙin nan Neil Young ya tara sama da dala miliyan 6 a 2014 don ƙera na'urar Pono da shagon sayar da waƙa mai tsabtar sauti. Zuwa 2017 an rufe. Tidal, wanda Jay-Z ya saya a 2015, ya gina sunansa ne a kan wannan sauti, yana karɓar dala 19.99 a wata, ninki biyun abin da sauran ke karɓa. A 2021 kamfanin Square, wanda yanzu ake kira Block, ya sayi mafi yawan hannun jarinsa. A shekarar nan dai Apple ya sanar da cewa zai ba da Lossless ba tare da ƙarin ko sisi ba, a ranar kuma Amazon ya soke ƙarin kuɗin da yake karɓa a kan nasa. Daga nan kasuwar ta mutu a tsaye. Kamfanin MQA, mai tsarin sautin da Tidal ya dogara da shi, ya durƙushe a 2023. A Afrilun 2024 Tidal ya haƙura ya haɗe matakansa a dala 10.99, kafin ƙarshen shekarar kuma Block ya ce zai rage kuɗin da yake zubawa a ciki. Spotify ya yi alkawarin nasa a Fabrairun 2021, bai fito da shi ba sai Satumban 2025, kuma da ya fito bai yanka masa farashi daban ba.

Darasin a bayyane yake. Mutanen Amurka da Turai, masu intanet ɗin gida mara iyaka, sun ƙi biyan ƙari a kan wannan sauti. Ya koma gyara, irin wanda mai awo ke ɗora maka a kan mudu. Waɗanda suka iya ba da gyaran kuwa su ne masu wata sana'ar da ke ciyar da su: Apple na sayar da waya, Amazon na sayar da komai. Wanda waƙa ce kaɗai abincinsa yana shan wuya. Spotify yana miƙa kusan kashi biyu cikin uku na kuɗin shigarsa ga masu haƙƙin waƙoƙi, kuma tun da ya fara aiki a 2008 bai taɓa rufe shekara da riba ba sai 2024.

A Najeriya lissafin ya fi haka tsami. Spotify ya shigo a 2021 da N900 a wata. Bayan an saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen N460 ta haura N1,500, sai N900 ɗin nan ta koma abin da bai kai dala ɗaya ba. A 2024 ya mayar da shi N1,300, a 2025 ya sake ƙarawa. Apple Music na karɓar dala 10.99 a Amurka, mu kuwa abin da muke biya bai kai kashi ɗaya cikin goma na wannan ba, a kan waƙoƙi iri ɗaya. Duk ɗan kasuwa ya san ba a daɗe ana sayar da kaya haka. Ko farashi ya ci gaba da hawa, ko kaya su ragu a shago. Mun ma fara gani: a Disambar 2024 Sony Music ya janye waƙoƙinsa daga Boomplay, manhajar da ke zuwa a cikin wayoyin Tecno da Infinix da itel, rahotanni suka ce a kan jinkirin biyan kuɗin haƙƙi. Masu sauraro sun wayi gari wasu waƙoƙin da suka jera sun ɓace.

Nan ne nake tuna Ƙofar Wambai. Zamanin da kasuwar kaset da CD ke ci a wurin, in ka sayi kaset ya zama naka, ko kamfanin da ya buga ya rushe yana nan a cikin akwatinka. Da masu tura waƙa a memori suka zo, sun kashe waccan kasuwar, sun kuma bar mawaƙa ba ko kwabo, wannan ba abin yabo ba ne. Manhajojin nan sun fi su adalci ta wannan fuska, don ko yaya wani abu yana komawa ga mai waƙa. Shi ya sa ban ce kowa ya daina biyan kuɗin wata ba. Amma a sani haya ce. Ranar da ka kasa biya, ko katin bankinka ya ƙi wucewa, ko kamfani ya saɓa da kamfani, waƙoƙin da ka sauke za su kulle. Mai ɗakin haya ba ya kashe dukiyarsa wajen yi masa silin na alfarma.

Akwai kuma tambayar da ba a cika yi ba: me muke saurare? In Hamisu Breaker ne ko Umar M. Shareef ko Ado Gwanja, yawancinmu a YouTube da Audiomack muke samunsu, kyauta, a matse, kuma ba mu taɓa jin an rage mana daɗi ba. In ƙasidu ne ko karatu ko wa'azi, murya ce, ba ta buƙatar 145MB. In kuwa Shata ne ko Ɗanƙwairo ko Ɗan Maraya Jos, yawancin abin da ke yawo a intanet daga kaset aka kwafo shi, wani ma kwafin kwafi ne. Ko a wace irin babbar jaka ka zuba shi, shuuu ɗin kaset ɗin za ka ji da kyau, ba wani kalangu da zai ƙaru.

A nan ne ma nake ganin wannan fasaha tana da aikin yi a ƙasar Hausa. Tsofaffin faya-fayan da ke ajiye a gidajen rediyo da hannun iyalan makaɗa suna lalacewa da zafi da ƙura. Su ne suka cancanci a kwafe su a ma'auni mafi girma, sau ɗaya, a adana, tun kafin su narke. Haka masu haɗa kiɗa a situdiyoyin Zoo Road, su kam suna buƙatar aiki da cikakken sauti su kuma ajiye asalin aikinsu, ba su tura wa mawaƙi ta WhatsApp su goge ba. Mai ajiya da mai haɗawa suna da hujja. Mai sauraro a kan Bluetooth ba shi da ita.

In kana da iyafis mai waya na kirki, da wurin da kake samun Wi-Fi ko datar dare mai sauƙi, ba laifi ka sauke albam biyu ko uku da kake ƙauna a Lossless, ka saurara lokacin da gari ya yi shiru. Wannan sha'awa ce, kuma kowa da tasa. Amma a saitin sauraro da datar waya, bar shi a na yau da kullum. Kuɗin da ka rage, in ka tara na wata uku ka sayi iyafis mai kyau, za ka ji bambancin da ya fi na kowane Hi-Res, tun daga waƙar farko.

Shi ƙanen nawa bai yarda da maganata ba, sai da muka yi gwaji. Bayan sallar isha'i na sa ya juya baya, na riƙa kunna masa waƙa ɗaya, wani lokaci a matse wani lokaci a cike, da iyafis ɗinsa na Bluetooth, shi kuma yana faɗin wanne ne. Sau goma muka yi. A na bakwai ya rantse cewa wannan kam cikakken ne, har yana jin numfashin mawaƙin. Na nuna masa fuskar wayar, 6MB ne. Ya karɓi wayarsa ya mayar da saitin da kansa, sannan ya ce in ranta masa kuɗin data zuwa ƙarshen wata.